Injin lantarki a kwale-kwale: wane batir ne zai kai ni ya dawo da ni?

Ɗan_Gidimuni:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar sola da batir. Babanmu yana da kwale-kwalen katako mai tsawon mita 6 da yake su da shi a tafkin garinmu. Shekaru sun ja, kafaɗa ta fara ciwo, tuƙi da filafili yana ba shi wuya, musamman in iskar hunturu ta taso. Ni ina aiki a nan Zinder, ina so in saya masa ƙaramin injin lantarki irin wanda ake maƙalawa a bayan jirgi. Na ga masu lamba 30, 40 da 55, duk na bolt 12. Wanne ya dace? Wane batir kuma? Da asuba suke fita duba taru, sai su koma bayan la'asar, shi da ƙanena. In an haɗa zuwa da dawowa da zagayen taru, tafiyar yini ba za ta wuce kilomita 6 ba.

Mai_Pano_Sabon_Gari:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ka yi tunanin ɗan halak. Lambar nan ƙarfin turi ce da laba, ba ƙarfin doki ba ce. Mai 55 yana turi da kusan kilo 25, in ka buɗe shi duka yana jan kusan amper 50, wato wat 600 ke nan. Mai 30 yana jan kusan amper 30. Masu ƙera su suna cewa a ba kowace laba 100 ta nauyin jirgi da kayansa laba 2 ta turi. Jirginku da mutum biyu da jiƙaƙƙen taru da kifi, a ce kilo 600, mai 30 ma zai ja shi a ranar da ruwa ya kwanta. Amma saboda iskar da ka ambata, ɗauki 55.

Gwanin_Moto:
Ka sayi batirin babbar mota kawai. Ya fi araha, ko'ina akwai shi, in ya mutu ka sayar da gawar ka ƙara kuɗi ka ɗauki wani.

Malam_Fizik:
Gwanin_Moto, a nan kam ban bi ka ba. Batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan, inji ya tashi, a maida masa cajinsa nan take. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne. In ana zuƙe shi kullum har ƙasa, farantan za su zube cikin 'yan watanni. Dokin sukuwa daban, raƙumin ayari daban. Wanda ake so shi ne irin na sola, mai kaurin faranti.

Ɗan_Gidimuni, kafin a yi zancen iri, mu yi lissafi, don lissafin ne zai gaya maka girman abin da za ka saya. Bolt sau amper-awa shi ne wat-awa. Batir mai 100Ah, wato amper-awa 100, a bolt 12 yana da wat-awa 1200 a rubuce. In na dalma ne, rabi ne naka, 600, sauran rabin in ka saba taɓa shi ka rage masa kwana. Akwai kuma wani abu da masu shago ba sa faɗa: wannan 100 ɗin an auna ta ne a kan ja a hankali na awa 20, amper 5 kacal. In ka ja amper 50 a lokaci guda, batirin dalma ba zai ba ka 100 ɗin ba, zai gaza sosai.

Sai babban zancen, gudu. Jirgin da ke keta ruwa, wutar da yake ci tana hawa kusan da gudun sau kansa sau uku. In daga kilomita 4 a awa ka koma 6, gudun ya ƙaru da rabi, amma wutar ta ninka fiye da sau 3. Idan injin nan yana ba ku kilomita 6 a awa da wat 600, to kilomita 4 a awa ba za ta ci fiye da wat 200 ba. Kilomita 6 ɗinku a gudu 4 awa ɗaya da rabi ce, wat-awa 300. A buɗe duka kuwa awa ɗaya ce, wat-awa 600. Rabin awa kaɗai aka ci riba, an biya da ninki. Ka sa 500 a lissafinka saboda iska da ranar da kifi ya yi yawa.

Ɗan_Gidimuni:
Malam, Allah ya ƙara sani. Ke nan na dalma mai 100Ah zai isa?

Malam_Fizik:
Zai isa da ƙyar yana sabo. Bayan shekara guda a zafin nan namu, ba na ce ba.

Baba_Masunci:
Yaro, ni tambayata ɗaya. Ka taɓa shiga tafkin nan da kanka a watan da kacala ta rufe baki? Duk lissafin malamai na ji, amma ban ji wanda ya ambaci ciyawa ba. Inda muke kafa taru ba tsakiyar ruwa ba ne, gefen kacala ne da cikin bado, nan kifi yake. Can ko filafili ba ya aiki, sai gora. Farfelar nan taku in ta shiga bado za ta naɗe kamar me, sai mutum ya tsaya yana cirewa da hannu.

Mai_Pano_Sabon_Gari:
Baba ya kawo magana. Akwai farfela mai fukafukai biyu da aka tanƙwara baya don ciyawa ta zame, tana taimakawa a ciyawa mai laushi, amma ba ta yanka kacala. Injin yana da maɗauri da ake danna shi a ɗaga ƙafarsa sama daga ruwa. Dabarar ita ce a yi amfani da shi a sarari, in an zo bakin ciyawa a ɗaga a ɗauki gora. Kuma in farfela ta cije, a kashe nan take. In aka bar shi yana gurnani ba ya juyawa, wutar da yake ja tana hawa, sai wayoyin ciki su ƙone.

Baba_Masunci:
To in gora ba za ta bar jirgi ba, mene ne amfanin?

Ɗan_Gidimuni:
Baba, sararin nan na tsakiya shi ne ke gajiyar da tsoho, musamman dawowa da kaya suna fuskantar iska. Cikin ciyawa ƙanena ne ke riƙe gora.

Hajiya_Mai_Karfasa:
Ni dai abin da na sani, kifin da ya iso gaci da sassafe shi ke samun mota zuwa Zinder da sauran sanyinsa. Wanda ya makara sai dai banda, kuma kuɗin ɗanye da na banda ba ɗaya ba ne in ka cire itace da wahala. Don haka Malam_Fizik, rabin awar nan da ka raina, a wurinmu kuɗi ce.

Malam_Fizik:
Hajiya, gaskiyarki. To a fita a hankali, a dawo da gudu. Sai dai batirin ya zama mai ɗaukar hakan.

Litiyam_Boy:
Shi ya sa nake cewa a daina wahala da dalma. Litiyam irin wanda aka rubuta wa LiFePO4, mai 100Ah a bolt 12.8, wat-awa 1280 ne, kuma kusan duka naka ne, ko ka ci kashi 90 cikin 100 ba ya damuwa. Ja da ƙarfi ba ya rage masa yawa kamar na dalma. Nauyinsa kilo 11 zuwa 13, na dalma mai wannan girman kusan kilo 30. Ku tuna wani ne zai riƙa ɗaukarsa daga gaci zuwa gida kullum, don ba wanda zai bar batir ya kwana a bakin tafki. Na dalma in ya yi caji da saukewa sau 300 zuwa 500 ya gaji, wannan yana haura 2000. Kuɗinsa a farko ya ninka, amma ka raba da shekarun da zai yi.

Gwanin_Moto:
Litiyam ɗin da ke kamawa da wuta? Ku sa tsoho tsakiyar ruwa da bam a ƙarƙashinsa?

Litiyam_Boy:
Ba iri ɗaya ba ne, yayana. Wanda ka ji yana tashi da wuta shi ne irin na waya da kwamfuta. LiFePO4 yana da wuyar kamawa sosai. Abin da zan ja kunne a kai shi ne haɗin gida: masu tsinto ƙananan batura daga tsofaffin kwamfutoci su jera su a kwali su naɗe da salatif. Wannan kam kada ya shiga jirgi.

Injiniya_Tanut:
Ina goyon bayan Litiyam_Boy, da sharaɗi biyu. Na ɗaya, a cikin kowane irin batirin nan akwai ɗan allo mai tsaronsa, BMS. A duba takarda a ga yana barin amper 100 su wuce ba tsayawa. Akwai masu 50 kawai, in ka haɗa da injin da ke jan 50, sai ya riƙa yanke wuta daidai lokacin da ake buƙatarta. Na biyu, litiyam ba ya gargaɗi. Na dalma yana yin sanyi a hankali, ka ji injin yana raguwa, ka san lokacin juyawa ya yi. Da mita ma za ka gane: bolt 12.7 cike yake, wajen 12.2 ya kai rabi, in an auna bayan ya huta. Shi litiyam yana zaune wajen 13.2 kusan duk tafiyar, sai kawai ya ɗauke ɗif. Dole a sa masa ƙaramin agogo mai ƙirga amper ɗin da suka fita, a nuna wa ƙanenka yadda ake karanta shi. Filafili kuma ya zauna cikin jirgi kullum.

Ɗan_Diffa:
Ku yi haƙuri, ni duk wannan wasan yara nake gani. Mu a Komadugu da tafkin Chadi Yamaha mai doki 15 muka sani. Lita ɗaya ta esansi tana ɗauke da kusan kilowat-awa 9, batirinku gaba ɗaya bai kai ɗaya da rabi ba. Ga matatar mai ta SORAZ a bayan gidanku tun 2011, amma kuna neman batir.

Malam_Fizik:
Ɗan_Diffa, lissafinka daidai ne, sai dai fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan 9 ɗin zafi da hayaƙi yake zama. Duk da haka esansi ya fi ɗaukar nisa, ba musu. Wanda zai yi kilomita 40 da buhunan kifi ko zai hau ruwa mai gudu, ba wanda zai ce masa ya sayi injin bolt 12. Irin waɗannan ko ka yi yaya ba sa wuce kilomita 6 zuwa 8 a awa. Amma tafki ne fa, ruwa a tsaye, kilomita 6 a yini. Doki 15 a bayan kwale-kwalen mita 6 sai ya nemi kifar da shi.

Baba_Masunci:
Kuma mai esansi ba zai shiga ruwanmu ba ma. Man da ake gauraya masa yana bin ruwa, ga shanu na sha, ga masu lambu na ja. Ƙararsa kuma ta kori kifi. Yaro, ko na lantarkin ne, kafin ka kashe kuɗinka babanka ya je ya gaida sarkin ruwa ya gaya masa. Kada a wayi gari wani ya ce farfelarku ta yanke masa taru.

Ɗan_Gidimuni:
In sha Allahu Baba, wannan shi za a fara yi.

Bazamfare_a_Jamus:
Gaisuwa daga nesa. A nan akwai tafkuna da yawa da aka hana injin fetur, na lantarki ake gani. Kamfanin Torqeedo na nan Jamus ya ƙera wani Travel 1103, wat 1100, batirinsa na wat-awa 915 a kansa yake zaune, ba waya ba akwati. Na ePropulsion na China, Spirit 1.0 Plus, wat 1000 ne da batir mai wat-awa 1276. Dukansu ana kwatanta su da doki 3. Suna nuna maka a allo wutar da ta rage. Sun fi masu laba ɗin nan iya juya wuta ta zama tafiya.

Mai_Pano_Sabon_Gari:
Alhaji, kaya ne masu kyau, amma kuɗin ɗaya zai sayi mai laba 55 da batir da panon sola har a yi canji mai yawa. In kuma allonsa ya lalace a Gidimuni, wa zai taɓa shi? Mai laba ɗin nan tsohuwar fasaha ce, Minn Kota suna yin irinsa a Amurka tun 1934. Cikinsa gawayi ne da nadin waya, duk mai gyaran sitata a tashar mota zai gane shi.

Injiniya_Tanut:
Tun da an dawo kan mai laba, ga abin da zai iya rushe lissafin Malam_Fizik. Masu araha, waɗanda ke da giya 5 gaba 3 baya, suna rage gudu ne ta hanyar bi da wuta cikin wasu naɗaɗɗun wayoyi da ke ƙona ta ta zama zafi. Ka sa a giya ta 2, jirgi na tafiya a hankali, amma batir na zuba fiye da yadda ya kamata. Wanda hannunsa ke murɗawa sumul ba tsalle, shi yana yayyanka wutar ne da sauri, abin da aka ci shi aka yi aiki da shi. A shago ka murɗa hannun: in ka ji ƙas, ƙas, ƙas, mai giya ne. Wat 200 ɗin Malam na mai murɗawa sumul ne. In mai giya ka samu, ƙara lissafin batir.

Malam_Fizik:
Haka ne. Ana kuma sayar da ƙaramin akwatin rage gudu daban, mai ɗaukar amper 60, a sa tsakanin batir da inji, a bar injin a giya ta 5 a riƙa murɗawa daga akwatin. Sai dai a kare shi daga ruwa.

Walda_Magarya:
Ni da za a ba ni aikin, injin keken lantarki zan samo, in ɗora shi cikin jirgi a sama, in ja masa dogon ƙarfe mita biyu zuwa baya da farfela a baki, irin na mutanen Tailan. Yana shiga ruwan da bai kai gwiwa ba, in ciyawa ta kama ka danna hannu farfela ta fito sama a gabanka. Lokacin bazara da ruwan tafki ke ja baya, na shagon nan ƙafarsa za ta riƙa tokarar laka.

Injiniya_Tanut:
Dabarar tana aiki, amma yawancin injunan nan bolt 48 ne kuma suna juyawa da sauri sosai, sai an rage da sarƙa ko bel. Batir huɗu a jere ke nan, ko babban litiyam guda. Ga wanda zai gwada da kansa yana gyarawa, madalla. Ga tsoho da yaro a ƙauye, a ba su abin da ba ya neman makaniki kullum. Maganar zurfi kuwa gaskiya ce, farfela tana son kamar santimita 30 na ruwa a kanta, in ba haka ba iska take sha.

Walda_Magarya:
To ko ma wanne aka saya, sai an zo wurinmu. Kwale-kwale bakinsa biyu masu tsini ne, ba shi da allon baya da za a maƙala inji. Sai an gicciya katako mai kauri kusa da baya ya leƙo gefe guda, a ɗaure da kusoshi masu goro. Batir kuma a sa shi tsakiya, ɗan karkace zuwa ɗaya gefen don jirgi ya daidaita.

Hajiya_Mai_Karfasa:
Ku dai ba wanda ya ce ina za a yi caji. Ko a gari kuran ba kullum ba.

Mai_Pano_Sabon_Gari:
Hajiya kin rigaye ni. Rana ce ba mu rasa ba. Pano mai wat 200, in ka ba shi awa 5 na rana mai ƙarfi ka cire asarar zafi da waya, zai ba da wat-awa 700 zuwa 800 a yini, ya rufe 500 ɗin nan. Tsarin aikinsu ma ya dace: sun dawo da hantsi, batir ya hau caji har la'asar. Kada a ɗora panon a jirgi, taru zai kama shi, iska ta yi wasa da shi. A kafa a gida. Regilata, wato akwatin da ke daidaita caji tsakanin pano da batir, a nemi irin da ake kira MPPT mai amper 20, in litiyam ne a saita shi kan bolt 14.4, kada a bar shi a saitin batirin ruwa. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura da safe, na sha ganin pano ya yi fari fat da ƙura mai shi yana zagin batir.

Malam_Fizik:
Tsarin nan ma wani dalili ne da ke karkata ni ga litiyam. Bayan fitar yamma batir zai kwana ba a cike ba, ya sake fita da asuba. Na dalma ya tsani haka, farin gishiri ke taruwa a farantansa ya taurare. Litiyam bai damu ba. Sai zafi: duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana kusan raba kwanan batirin dalma biyu, mu kuwa Afrilu da Mayu muna haura 40. Litiyam ma ba ya son zafi, da yawansu an rubuta kada a yi musu caji sama da digiri 45. A yi caji a inuwa, cikin zaure ko ɗakin ƙasa, ba ƙarƙashin kwano ba.

Gwanin_Moto:
Duk kun haɗu a kaina. To wanda ba shi da kuɗin litiyam fa, ya zauna?

Injiniya_Tanut:
A'a, ya sayi na sola mai 150Ah, ya san cewa ya haura kilo 40, ya tanadi baro ko amalanke. Kuma ya je da sikeli. Wani abokina ya sayi batir a wani shago an rubuta 200Ah da manyan baƙaƙe, muka ɗora a sikelin masu hatsi bai kai kilo 30 ba. Dalma ba ta ɓuya, in babu nauyi babu wuta. A litiyam sikeli ba ya kama ɓarawo, akwai masu cika akwati da abin banza, sai dai a cika shi a ja da kaya sananne a ƙirga awa. Ka yi sharaɗin haka da mai shago kafin ka biya.

Wayoyi ma kada a yi musu rowa. Amper 50 a wayar milimita 4, in nisan mita 2 ne zuwa 2 dawowa, kusan bolt ɗaya ke ɓacewa a hanya, wayar ta yi zafi. A sa milimita 16 ta jan ƙarfe zalla, a kankare bakinta a gani, in ciki fari ne alminiyam ce aka shafa wa ja. Fis na amper 60 dab da kan batir. Bolt 12 ba ya jan mutum, haɗarin shi ne ƙarfe ya faɗa kan kawunan biyu. Batir ya shiga akwatin roba mai murfi, a ɗaga shi kan katako sama da ruwan da ake kwarfewa, a ɗaure.

Baba_Masunci:
Akwai zaren taru da na ƙugiya da ke yawo cikin ruwa, ba a ganinsa. Shi fa?

Mai_Pano_Sabon_Gari:
Shi ne babban mai kashe injunan nan, Baba. Yana naɗewa bayan farfela ya ci robar da ke hana ruwa shiga. Goro ɗaya ne ke riƙe farfelar, duk mako a kwance a duba a cire zare. Akwai ɗan ƙarfe da ke gicciye a bayanta, in ta daki kututture shi ke karyewa ko ya lanƙwashe. Ɗan_Gidimuni, ka sayo farfela ta biyu da 'yan ƙarafan nan tun ranar farko.

Ɗan_Gidimuni:
Na gode ƙwarai jama'a. Abin da ke hannuna ba zai ɗauki inji da litiyam da pano a lokaci guda ba. Ina tunanin in fara da inji da pano da na dalma, in ya mutu in koma litiyam. Ko in jira bayan kaka in haɗa gaba ɗaya?

Litiyam_Boy:
Jira. Sayen batir sau biyu ya fi tsada.

Hajiya_Mai_Karfasa:
Kafaɗar tsoho za ta jira kaka ne?

Injiniya_Tanut:
Akwai hanya ta uku: litiyam mai 50Ah, wat-awa 640, kilo 6 ko 7. Tun da ana caji tsakanin fita biyu, zai iya isa. Amma BMS ɗinsa yawanci amper 50 ne, don haka sai dai a haɗa shi da inji mai laba 30 ko 40, ba 55 ba.

Mai_Pano_Sabon_Gari:
Mai 30 a iskar Janairu da jirgi cike? Injiniya, ban yarda ba.

Ɗan_Diffa:
Ku dai in iska ta kai shi cikin kacala ku kira ni in zo da Yamaha.

Walda_Magarya:
Ɗan_Gidimuni, ranar kasuwa in ka je gida auno mini faɗin jirgin wajen kamu biyu daga baya, da tsayin gefensa daga ruwa in mutum biyu na ciki. Da wannan za a san tsawon ƙafar injin da za ka nema, don akwai gajere akwai dogo.